Ragowar Malam

Kofin shayi ne ya fara faɗuwa. Muna zaune a zauren Malam bayan sallar asuba, mu shida ko bakwai, kowa da littafinsa a cinya, yana fassara mana babin tsarki, sai hannunsa na dama ya saki kofin. Shayi ya bi tabarma. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta fito a murɗe, ya sake gwadawa ta sake murɗewa. Sauran suka ɗauka tuntuɓen harshe ne, har wani ya yi murmushi. Ni da nake dab da shi na ga gefen bakinsa ya ɗan zube. Kafin a gama goge tabarmar ya dawo daidai, ya ce barci ne bai ishe shi ba, ya ci gaba da karatu.

Ban yarda ba. Ni mutum ne mai naci, abokan aikina a ma'aikata sun sha faɗa, wasu a gabana wasu a bayan idona. Da aka watse na kawo motata ƙofar zauren na ce ya shiga. Ya ce yana da baƙi. Na ce baƙin su jira, ko kuma in kashe motar nan in zauna a ƙofarsa har azahar, ofis ɗin ma na fasa. Ya san zan aikata, sai ya ɗauko hularsa.

Malam shi ne limamin masallacin layinmu a Badarawa, shi ke karantar da magidanta a zaure safe da yamma. Ba shi da albashi, abin da jama'a suka kawo da shi yake riƙe gidansa. Mun shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Darakta yake kirana don tsokana, alhali ya san ko ƙofar ofishin darakta sai da dalili nake bi. Dukanmu biyu manyan mutane ne a jiki. Idan muka shiga motar nan tare har ƙara take yi, yara a layi su tsaya suna kallon yadda ta zauna.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta da wasa ko kaɗan. Ta gwada jininsa, ta sake gwadawa a ɗaya hannun, ta sa aka ɗauki jini, ta ɗora shi a sikeli. Sannan ta ajiye biro.

"Malam, abin da ya same ka da safen nan gargaɗi ne. Jininka ya hau sosai, sukari ya hau, nauyi ya yi yawa. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai riƙe ka ba. In ba ka rage jikin nan ba, ka bar gishiri da maiƙo da zaƙi, abin zai dawo. In ya dawo ɓarin jikinka zai shanye, kuma yadda ya fara da bakinka, ina jin tsoron harshen."

Malam ya ce, "Allah ya kyauta."

Ta ce amin, ta juyo kaina. "Kai ma Alhaji, hau sikelin nan." Na ce ni rakiya na yi. Ta ce ta gani, in hau. Na hau, ta dubi lambar, ta ce hanyarmu ɗaya, shi dai ya riga ni nisa.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka kusa gida. Malam ya dafa gwiwata.

"Darakta, abin da ka ji amana ce. Iyalina za su san ina shan maganin hawan jini, shi ke nan. Maganar shanyewa da maganar abinci, tsakanina da kai."

Na ce na ɗauka. Da sauri na faɗa, ko dalili ban tambaya ba. A cikin duk abin da na yi a rayuwata ba wanda nake nadama kamar wannan saurin.

Dole in yi bayanin yadda abinci yake a zauren Malam, don wanda bai zauna a layinmu ba zai ce ai rage ci abu ne mai sauƙi. A wurinmu ba a kai wa Malam kwano a juya. Mai gida ne da kansa ke kawowa, ya zauna, Malam ya buɗe ya ci, ya yi addu'a, sannan a mayar da ragowar gida. Ragowar nan ita ce abin nema. Mai ciki za a ba, ko ɗalibar da za ta zauna jarrabawa, ko tsohon da ya daɗe a kwance, don albarkar bakin da ke karanta Alƙur'ani. Saboda haka ba zai karɓa ya ba wani ba, sai ya sa hannu. Ranar da babu komai kwano huɗu ne ko biyar. Ranar suna ko walima kuwa ba a ƙirgawa. Kuma ba wanda ke kai wa Malam abincin banza. Matan layin nan gasa suke yi, tuwon shinkafa da miya mai ido, dambu yana ƙyalli, farfesun kai, fura da sukari har ƙasan kwano. Shekara ashirin yana cin ƙaunar mutane, ita ce ta taru a wuyansa da cikinsa.

Washegari muka ƙulla alkawari. Shi zai fitar da ni tafiya kullum, don ya san ni da son komawa barci. Ni kuma zan zauna kusa da shi a lokutan da kwanuka suka fi zuwa, in sa ido. Kowane kwano loma ɗaya, ƙarama, sai addu'a mai tsawo yadda mai kawowa ba zai lura ba.

Tafiyar ma sai da muka nemo mata suna. Liman ba zai fito yana zagaya unguwa haka kawai ba, za a tambaya. Sai ya sanar cewa yana so ya riƙa bitar haddarsa a tafe, ni kuma zan riƙe masa ƙaramin Alƙur'ani ina dubawa. Kowa ya ce madalla. Da an tashi daga karatun safe, gari ya waye, sai mu fita ta bakin titi mu miƙe hanyar Malali, yana karantawa ina binsa da yatsa, ina tuntuɓe da duwatsu. Ba mu auna tafiyarmu da agogo ba, da karatu muka auna. Makon farko ko sumuni ɗaya ba ya kaiwa sai ya tsaya ya dafa katangar wani yana haki, ni ma ina gefe ina nawa. Akwai wani gidan burodi a hanyar da ƙamshinsa ke tare mu tun daga nesa. Wallahi na tsani gidan nan. Malam kan ɗaga murya idan mun zo wurin, wai don kada in ji ƙamshin.

Ranakun da na ƙi fitowa ba ya buga ƙofa, ba ya kiran waya. Tsayawa yake a bakin get ɗina ya fara karatu da ƙarfi. To wa zai iya kwanciya alhali liman na tsaye a ƙofarsa yana karanta Alƙur'ani? Maiɗakina takan ja bargon ta ce, "Tashi don Allah, ga Malam can ya kai aya ta goma, maƙwabta na ji." In fito ina ƙunƙuni, takalmi ɗaya a hannu. Ba ya ko kallona, sai ya juya ya kama hanya.

Haka muka yi wata biyar. Duk Asabar mu shiga wani kemis a Malali inda ba a san mu ba, mu hau sikeli. Wanda ya fi raguwa ya yi wa ɗan'uwansa dariya har gida. Sumuni ya zama rubu'i, rubu'i ya zama izu guda, har ya kai yana karanta izu biyu a tafe, numfashinsa bai yanke ba. Wuyansa ya fito. Ni ma na huda sabon rami a bel ɗina, na sake huda wani. Ban taɓa jin daɗin jikina kamar lokacin nan ba, kuma ban taɓa son wani mutum da ba ɗan'uwana ba kamar yadda na so Malam a hanyar nan. Na ɗauka mun tsira.

Babbar rigarsa ce ta tona mu. Ta fara zamewa daga kafaɗa, yana gyarawa a kan mumbari. Ni ramata ba ta dami kowa ba, an ce ma'aikaci ne, wata ya yi nisa. Amma ta Malam sai aka fara ƙus-ƙus. Masu kawo kwano suka fara duba abin da ya rage a ciki kafin su tashi, su dube shi, su dube ni.

Sai ranar wani ɗaurin aure a masallacinmu, baƙi suka zo daga Unguwar Shanu, inda Malam ya taso. Bayan an shafa fatiha wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannun Malam, ya ƙare masa kallo, sannan ya juya ga jama'a. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Mutanen Badarawa, haka kuka mai da mana shi? In riƙonsa ya fi ƙarfinku, ku dawo mana da abinmu."

Aka yi dariyar yaƙe. Na dubi fuskokin mutanen layinmu na ga abin ya shige su har ƙashi.

Kwana biyu bayan haka ladaninmu, wani tsoho mai taushin zuciya wanda ya girmi kowa, ya tsayar da magidanta bayan la'asar, Malam ya riga ya shiga gida. Ya ce abin kunya ya same mu. Ya ce mutumin da ya yi wa 'ya'yanmu huɗuba, ya wanke iyayenmu ya sallace su, yau yana ramewa a gabanmu don kawaici ya hana shi cewa babu. Wani ya ce tsadar rayuwa ce ta sa matanmu suka rage hannu, shi ya sa Malam ke loma ɗaya ya rufe, yana tausaya mana. Wani mai shagon kayan miya ya fara magana kuka ya ƙwace masa. Ina zaune a jingine da ginshiƙi, maganar na bakina kamar garwashi. Kalma goma ta isa. Na tuna hannun Malam a gwiwata, na haɗiye.

Aka yanke cewa za a raba kwanaki. Kowace rana gida uku, safe, rana, dare, ban da masu kawowa don kansu. Kuma duk wanda ya kai kada ya tashi sai ya ga Malam ya ci na ƙoshi. Ladan ya dube ni.

"Alhaji, kai ne mai rubutun ofis. Tsara mana."

Aka kawo takarda da rula. Ni na ja layukan nan, na rubuta gidaje ɗaya bayan ɗaya da rubutuna mai kyau, na sa gidana ranar Laraba. Aka manna a bayan ƙofar masallaci. Ina rubutawa ina jin kamar kabari nake aunawa, kuma ban fasa ba.

Da na fito zauren Malam na wuce kai tsaye. Na same shi yana yanke farce. Na gaya masa abin da aka yi, na ce ya sake ni daga amanar nan yau ɗin nan, ko ya faɗa da bakinsa.

Ya ce, "Zauna, Darakta."

Na ce ba zan zauna ba.

"To tsaya. Ka san tsohuwar nan mai waina ta bakin kwalbati. Tun rasuwar mijinta duk Juma'a sai ta kawo mini abinci, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Jikarta da ta daɗe ba ta yi magana ba, da bakinta ya buɗe, tsohuwar ta yi imani ragowata ce Allah ya sa ta zama sanadi. Ba ta da abin da za ta kai gaban Ubangijinta da take alfahari da shi sai kwanon nan. In na tashi na ce abincinku ne yake kashe ni, me na bar mata?"

Na ce, "Ka bar mata liman mai rai."

Raina ya riga ya ɓaci, sai na ƙarasa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ko dai kunya kake ji a ce wanda ake kawo wa marasa lafiya ya tofa musu, shi ma yana layin asibiti?"

Na ɗauka zai kore ni. Ya daɗe yana kallon abin yanke farcen, sannan ya ce, "Har da wannan." Ya ɗago. "Amma amana tana nan. Zan san yadda zan yi. Zan ƙara tafiya."

Babu tafiyar da za ta cinye abin da ya fara shigowa zauren nan. Mutane suka zo da zuciya ɗaya. Mai gida ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, Malam ya yi lomarsa ɗaya zai rufe, sai a ce, "Haba Malam, don Allah ƙara, don girman Allah." Ta yaya za a haɗa Malam da Allah ya ƙi? Sai ya ƙara. Ranar Larabar gidana kaɗai yake samun sauƙi, maiɗakina ta yi masa faten wake da ganye ba gishiri, tana mitar wannan wane irin abincin kai wa malami ne.

Ranar wata Juma'a tsohuwar nan mai waina ta zo da kanta, ta durƙusa a bakin zaure. Funkaso ne da miyar taushe. Ta buɗe, ta ciro wata 'yar kwalba daga cikin mayafinta, ta tsiyaya man shanu a kai har ya kwanta, ta girgiza kwalbar don kada ɗigo ya rage. A ranar Malam ya riga ya ci na gida biyu. Ban san lokacin da na miƙa hannu na janye kwanon ba.

Na ce, "Inna, Malam ya ƙoshi. Ki mayar."

Ta dube ni. "Ɗana, ai bai sa hannu ba."

"Na ce ya ƙoshi. Kullum ku ne maiƙo, ku ne mai. Ku bar bawan Allah ya huta mana."

Da tsawa na faɗa, ban ɓoye ba. Mutum uku na zaune. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ko don na talaka ne?"

Malam ya ce, "Darakta, ajiye kwanon nan." Muryar da yake tsawatar wa masu surutu a sahu ce, bai taɓa yi mini ita ba. Na ajiye. Ya jawo shi gabansa, ya yi bisimilla, ya ci funkaso uku yana yaba miyar, gumi na bin wuyansa. Tsohuwa ta tafi da ragowarta tana sa albarka. Ni ko kallona ba ta sake yi ba.

Kafin magariba labari ya gama layi. Aka ce ina hana sadaka. Aka ce tun da na maƙale wa Malam ya fara lalacewa, wasu ma suka ce a bincika abin da nake ba shi a hanyar Malali. Maiɗakina ta dawo daga gidan suna idonta ja, ta ce mata sun yi shiru da ta shiga. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ladan ya kira ni gefe ya roƙe ni, cikin ladabi, in rage zama a zauren lokacin abinci. Na rage. Gaskiya fushi na yi, da su da Malam ɗin duka. Na ce a raina tunda abin da yake so ke nan, ya je ya yi ta ci.

Muka ci gaba da fita, amma karatun ya fara guntulewa. Izu biyu ya koma ɗaya. Ya fara tsayawa a tsakiyar aya ya ja numfashi, abin da bai taɓa yi ba, ya koma baya ya ɗauko ta. Asabar ta zo ya ce a bar kemis ɗin nan, sikelinsu ƙarya yake. Wata safiya na jira muryarsa a bakin get ban ji ba. Na fita na buga ƙofarsa, ya leƙo ya ce ƙeyarsa ke sara, in je ni kaɗai. Na ga ƙafafunsa sun cika silifas. Na ce mu koma wurin likita, ya ce bayan Juma'a. Juma'a ta wuce ya ce bayan ta sama.

Ni kaɗai na riƙa tafiya. Ba don ƙwazo ba, haushi ne ke tura ni, da tsoro. Ina wuce gidan burodin nan ko ƙamshin ba na ji. Jikina ya ci gaba da raguwa, nasa yana dawowa, rigar ta sake zama a kafaɗarsa daram. Layi ya cika da murna. Ana cewa Malam ya murmure, alhamdu lillahi, kunya ta fita. Har aka aika wa mutanen Unguwar Shanu su zo su gani. A wurin karatu yakan yi gyangyaɗi littafi a hannu, ɗalibai su yi shiru su jira shi. Ni kuma hannunsa na dama nake kallo, kullum, duk lokacin da ya ɗauki kofi.

Sau ɗaya na miƙe. Bayan sallar azahar ce ta wata Lahadi, masallaci cike. Na ce jama'a ina da magana. Kowa ya juyo. Malam ma ya juyo daga wurin zamansa, ya dube ni, bai ko girgiza kai ba. Na ji bakina yana cewa damina ta kusa, ya kamata a fito a yashe kwata ranar Asabar. Aka ce wannan gaskiya ne. Na zauna ina jin ƙyamar kaina.

Ruwa ya sauka, aka yi sati uku ana yi. Ranar da abin ya faru an kwana ana yayyafi, mutane ba su cika sahu biyu ba a sallar asuba. Ina bayan Malam, ɗan dama kaɗan. Ya karanta raka'ar farko lafiya. A ta biyu na ji ya ja wata kalma, ya maimaita, ya wuce. Muka yi ruku'u, muka yi sujada. Sujadar ta yi tsawo. Na yi tasbihi uku, na yi bakwai, na yi goma sha ɗaya. Ana jin ruwa na ɗiga daga indararo. Wani a baya ya ce subhanallah. Ladan ma ya faɗa, muryarsa na rawa. Ni na riga na sani tun a tasbihi na huɗu, goshina na ƙasa ina roƙon Allah ya sa ƙarya nake.

Na ɗago na sallame sallata. Ya kife ta gefen dama, kumatunsa a kan darduma, idonsa a buɗe. Da na juya shi ya dube ni sosai, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita sai iska.

Mu huɗu muka ɗauke shi zuwa motata. A asibiti likitar nan ce dai. Ta yi abin da za ta yi, aka shiga da shi, sai can da hantsi ta fito ta same ni a baranda da fayil ɗinsa a hannu. Ta ce ɓarin dama ya tafi, maganar ma ta tafi, sai dai a ga abin da Allah zai yi nan gaba. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta gane ni.

"Kai ne ka rako shi wancan karon. Kai ka ji magana, Alhaji, na gani."

Yabo ta yi mini. Na nemi benci na zauna.

Kwana uku ina zuwa ina zama a gefen gadonsa. A na ukun, da iyalinsa suka fita alwala, na matso na ce, "Malam, yau zan faɗa musu." Ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya riƙe da ƙarfi. Na tambaye shi in faɗa ne ko in bari. Ya ci gaba da riƙewa, hawaye na bin gefe ɗaya. Har yau ban san abin da yake nufi ba.

Bayan la'asar na miƙe a masallaci na faɗi komai, tun daga kofin shayi. Ban rage ba, ban kare kaina ba. Da na gama ba wanda ya yi motsi. Na shirya wa zagi, na ma fi son a zage ni. Ladan ne ya yi magana, yana kallon ƙasa.

"Alhaji, ai da ka faɗa, ko ruwan zafi aka ce shi ne maganinsa, da shi za mu riƙa yin layi muna kai masa." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "Ka bar mu muna murna."

Mai shagon kayan miya ya tashi ya je bayan ƙofa ya ɓamɓare takardar, ya ninke ta, ya rasa inda zai sa, sai ya miƙo mini.

Washegari da hantsi ban je ofis ba, ina kwance a falo, maiɗakina ta shigo ta ce ina da baƙuwa. Tsohuwa mai waina ce. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Sannan ta ce an gaya mata abin da na faɗa a masallaci.

"Ɗana, tambaya na zo yi, kuma kada ka rufe ni. Abincina ne?"

Na ce, "A'a Inna, ba naki ba ne. Ciwo ne, ya daɗe a jikinsa."

Ta girgiza kai. "Ranar nan da ka janye kwanon, ka sani ke nan."

Na ce na sani.

"Kana zaune na zuba man nan. Na girgiza kwalbar a gabanka." Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. "Da tsawar da ka yi mini, da ka ce Inna zai cutar da shi, ai da na fi ji."

Muka zauna haka, maiɗakina na tsaye a bakin ƙofa. Can tsohuwa ta share fuskarta da gefen mayafi, ta juya wurinta ta tambaya me Malam yake iya ci yanzu. Maiɗakina ta ce kunu kawai, mai ruwa-ruwa, ba sukari, shi ma da cokali ake ba shi, rabi na dawowa.

Tsohuwa ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta ce to a shiga da ita madafa a gwada mata yadda ake dama shi, don gobe Juma'a.